Salular yara: uwaye su duba, amma da sanin yaron

A da, in saurayi yana son yarinya, sai ya zo ƙofar gida ya aiki yaro. Kowa ya gan shi. Kowa ya san ɗan wane ne. Yau saƙo yana shiga gida ba sallama. Yana shiga ta salula, ko da tsakar dare.

Daga shekara ta 2001 ne salula ta fara yaɗuwa cikin Nijar. Yanzu ta kai ƙauyuka. Wanda ya tafi cin rani Najeriya ko Libiya yakan aiko wa ƙanensa da ita. Yarinya mai talla takan tara kuɗi ta saya. Shi ya sa uwaye da yawa suke tambaya: ya halatta a karanta saƙon yaro?

Me ake jin tsoro?

Tsoron uwaye yana da dalili. Akwai ɓarayi masu aiko da saƙo, su ce an ci kyauta, sai a turo lambar sirri ta asusun kuɗi. Akwai babban mutum da yake ɓoye shekarunsa, ya yaudari yarinya da katin waya, daga baya ya nemi hotonta. Hoton da ya fita ba ya komowa. Akwai masu yi wa samari alkawarin aiki a ƙasar waje, alhali ƙarya ce. Akwai kuma zagi da tsegumi tsakanin yara da kansu.

Me doka da addini suka ce?

A shekara ta 1990, ƙasashen Afirka sun yi yarjejeniya kan haƙƙin yaro. Nijar tana cikin waɗanda suka amince da ita. Sashe na 10 ya hana a shiga sirrin yaro ko wasiƙunsa haka kawai. Amma wannan sashe ya bar wa uwaye ikon sa ido kan ɗiyansu, gwargwadon hankali. Ke nan abu biyu ne tare: yaro yana da sirri, uwaye suna da nauyi.

Addini ma haka ya nuna. Aya ta 12 cikin Suratul Hujurati ta hana bin diddigin mutane a ɓoye. Hadisi kuma ya kamanta mai gida da makiyayi, wanda za a tambaya game da abin da aka ba shi kiwo.

Illar dubawa a ɓoye

Uban da ya ɗauki salular ɗansa yana barci, ya ci riba ta dare guda. Ran da yaron ya gane, zai sa makulli, ko ya riƙa share saƙo. A WhatsApp akwai hanyar da saƙo yake ɓacewa da kansa bayan awa 24, ko kwana 7, ko kwana 90. Yara sun fi manya sanin wannan. Abin da ya fi muni, ran da yaron ya shiga wahala, ba zai faɗa wa kowa ba.

Akwai wata illa da ta shafi ƙauye. Uwar da ba ta iya karatu ba takan kai salular ɗiyarta wurin maƙwabci, ko wurin mai cajin waya a kasuwa, ya karanta mata. Kafin magariba, maganar ta kai bakin rijiya. An so a kare yarinya, an ɓata mata suna. Sirrin gida ba a kai shi kasuwa.

Hanyar da ta fi

1. A yi sharaɗi tun ranar da salula ta shiga hannun yaro. Uba ya ce: "Ga salula. Amma ka sani, lokaci lokaci za mu zauna mu duba ta tare."

2. A duba a gabansa, shi ne zai buɗe. A tambayi sunan da ba a sani ba: wane ne wannan, ɗan wane gari ne?

3. A lura da shekaru. Ɗan shekara 10 ana duba masa kome. Ƙa'idar WhatsApp ma ba ta yarda wanda bai kai shekara 13 ba ya buɗe asusu shi kaɗai ba. Ɗan shekara 16 kuwa, ya isa a san abokan hirarsa, ba sai an karanta kowace kalma ba.

4. Da dare salula ta kwana ɗakin uwa ko na uba.

5. Abin da aka gani ya tsaya tsakanin yaro da uwayensa. Kada a faɗa wa kishiya, kada a yi gori da shi gaban ƙanne.

6. Inda kunya ta hana, kamar tsakanin uwa da ɗan fari, a sa goggo, ko kawu, ko kaka. Jika yakan faɗa wa kaka abin da ba ya faɗa wa uba.

Yaushe ake buɗewa ba jira?

In yaro ya daina cin abinci, ko yana firgita duk lokacin da salula ta yi ƙara, ko an ga kuɗi da kaya a hannunsa ba a san mafarinsu ba, to lokacin jira ya wuce. A karɓi salular, a faɗa masa dalili. Kada a fara da duka. In an sami barazana ko neman hoton tsiraici, kada a share saƙon, domin shi ne shaida. A kai shi wurin jandarmomi ko ƴan sanda. Tun shekara ta 2019 Nijar tana da dokar hukunta laifin da ake yi ta salula da intanet.

Karatu shi ne makami

A 2009 da 2010, cikin wasu ƙauyukan jihohin Dosso da Zinder, an koya wa manya karatu tare da aiki da salula. Waɗanda suka koya da salula sun fi saura ci a jarrabawa. Uban da ya iya karatu ba ya bukatar baƙo tsakaninsa da ɗansa. Uwar da ta iya karatu tana rufa asirin ɗiyarta da kanta. Wannan ma dalili ne na zuwa makarantar yaƙi da jahilci kullum.