Daga Daura Zuwa Titin Gidan Zu

A watan Yunin 1999 Alhaji Mamman Shata ya rasu a asibiti a Kano. Mutumin Musawa ne, ya yi zama a Bakori, ya kafa gida a Funtuwa, Kano ma ta san shi tamkar ɗanta. Amma da aka tashi kai shi makwanci sai aka nufi Daura, garin ubangidansa, Sarki Muhammadu Bashar, wanda ya riƙe sarauta daga 1966 zuwa 2007. Shata ya waƙe shi, Musa Ɗanƙwairo ma ya taso takanas daga ƙasar Maradun ya waƙe shi. A wancan zamani mai fasaha ne ke neman Daura, domin inda sarki mai kyauta yake, nan doki da babbar riga da kujerar Makka suke.

Yau tafiyar ta juya. Saurayin da ya tashi a Daura ko Sandamu ko Mai'aduwa da murya mai daɗi, ko budurwar da ta cika littafi da labari a Baure, hankalinsu na kan motar Kano. Tafiyar kamar awa biyu ce ta Kazaure da Ɗambatta. Ba raina gida suka yi ba. Sana'ar ce ta sauya ubangida: da fada ke ciyar da mawaƙi, yanzu kasuwa ce da ɗan siyasa da mai biki da masu kallo a waya, kuma ƙofar shiga wurinsu duka a birni take.

Kano ba da tsakar rana ta samu wannan matsayi ba. A 1990 ƙungiyar wasan kwaikwayo ta Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya, fim ɗin da ake ƙirga tarihin Kannywood daga kansa. Kafin nan marubuta sun riga sun buɗe kasuwa: littattafan soyayya masu arha irin na Balaraba Ramat Yakubu sun shiga ɗakunan matan aure daga Kano har Damagaram, suka tabbatar wa 'yan kasuwa cewa Bahaushe zai cire kuɗi ya sayi labari. Fim ya bi sawun littafi. Sangaya ya fito a 1999 da kiɗan fiyano da ya canza kunnen matasa, a shekarar kuma Ibrahim Sheme ya fara buga mujallar Fim. Furodusa ya kama ofis, mai kyamara ya kama kusa da shi, mai kiɗa ya biyo, mai tace hoto ya biyo. Da haka Titin Gidan Zu ya zama matattara.

Baƙon da ya fara shiga situdiyo a wannan titi yakan sha mamaki, don ya zaci fada zai tarar. Ɗaki ne ɗan ƙarami a saman bene, an manna soso a bango, ga fiyano ga kwamfuta ga wani ɗan akurki da ake shiga a rera. Janareta na ruri a ƙasa. Mai kiɗa zai ce a rera amshi ya ji, ya laluba maɓallai har ya kamo karin, ya ɗora ganga da kalangu na na'ura, sannan a kira mai amshi ta shiga. Waƙar da aka shigo da ita a baki da hantsi tana iya fita a waya kafin magariba. A kan benci a waje kuwa ga wasu biyar na jiran layi, kowa da takardarsa a aljihu, kowa na sauraren na ciki yana auna kansa. Wannan zaman benci shi ne babbar ribar birni. A gida kowa na yabon yaro don ɗan unguwa ne. A nan wanda ya fi shi zai ce masa baitinsa ya karye, ya nuna masa gurbin.

Sai dai yabon ya tsaya nan, don birni na karɓar nasa haraji. Sabon shiga ba ya fara da fitowa a fosta. Yaron wani zai zama, ya ɗauki fitila, ya riƙe sandar makirfo, ya sayo abincin lokeshan, wani lokaci ya kwana a ofis a kan tabarma. Ana biyan ƙananan 'yan wasa ne gwargwadon fitowar da suka yi, abin kuwa bai taka kara ya karya ba. A 2022 dattijuwa Ladin Cima, wadda ta shafe shekaru aru-aru tana wasa tun zamanin talbijin, ta faɗa wa BBC Hausa cewa naira dubu biyu zuwa biyar ake sallamarta da su. Masana'antar ta yi ta ce-ce-ku-ce, wasu furodusoshi suka musa, amma maganar ta buɗe idon mutane da yawa. Duk matashin da ke shirin sayar da akuyar uwarsa don kuɗin mota ya kamata a karanta masa wannan labari tukuna.

Kasuwar ma ba ta nan yadda aka san ta. Faifan da ake lodawa daga Ƙofar Wambai a kai Daura da Maraɗi ya mutu, satar fasaha da wayar hannu suka haɗu suka binne shi. Wanda ya gaje shi kowa ya san shi: ɗan saurayin nan mai tebur da kwamfuta a bakin kasuwa, da ke tura fim goma a waya kan kuɗin da bai kai na kwanon tuwo ba. Masu shirya fim suka koma dogon zango. Tashar Arewa24 da ta fara aiki a 2014 ta kawo Daɗin Kowa da Kwana Casa'in, Aminu Saira ya fito da Labarina, Izzar So ya nuna cewa YouTube kaɗai na iya riƙe fim mako bayan mako. Kuɗin yanzu daga talla da yawan masu kallo yake zuwa, kuma ba ya zuwa da wuri.

Ga kuma hukuma. Tun 2001 Kano ke da Hukumar Tace Finafinai, wadda ke yi wa 'yan wasa da mawaƙa rajista tana duba aiki kafin ya fita. A 2007 da 2008 dangantaka ta yi tsami har wasu suka sha ɗauri, wasu suka kwashe kayansu suka koma Kaduna. A 2025 ma hukumar ta dakatar da finafinai 22 masu dogon zango kan rashin kai su tacewa. Al'umma kanta ba ta gama sakin jiki da sana'ar ba. A 2016 gwamnatin tarayya ta shirya gina alƙaryar fim ta kusan naira biliyan 3 a Ƙofa, cikin ƙaramar hukumar Bebeji, malamai suka tashi haiƙan, aka janye. Shugaban ƙasar da aka yi shirin kuma aka soke a zamaninsa, marigayi Muhammadu Buhari, ɗan Daura ne. Uban da ya hana 'yarsa tafiya Kano yin fim ba lallai jahilci ne ya sa shi ba. Ya san abin da za a faɗa a majalisa.

Marubuta sun fi samun sauƙi. Mai rubutu a yau ba ta bukatar maɗaba'a ko dillalin littafi: tana rubutawa a waya, ta saki shafukan farko kyauta a WhatsApp, wadda labari ya kama ta biya ta shiga rukunin masu karanta sauran. Gasar Hikayata da BBC Hausa ta buɗe wa mata a 2016 ba ta tambayar garin da labari ya fito. Duk da haka mai gyara, da taron marubuta inda ake karanta aiki a feɗe shi, da bikin littattafai irin HIBAF da aka fara a Kaduna a 2021, duk a manyan birane suke.

Abin takaici shi ne da yawa daga masu zuwa Kano neman fasaha ba su san Kanon ba. Daga ɗakin haya sai situdiyo, daga situdiyo sai mai shayi. Alhali ga Gidan Makama da kayan tarihinsa, ga Gidan Ɗan Hausa, ga marinar Ƙofar Mata inda har gobe ake tsoma zane a baba, ga lungunan Kurmi da dukawa da masu sayar da tsofaffin littattafan ajami. Da yamma ana dambe a Sabon Gari, makaɗa na zuga 'yan wasa da kirarin da mawaƙin fiyano zai yi shekara bai ƙago irinsa ba. Hawan Sallar Kano ya shiga kundin al'adun duniya na UNESCO a 2024. Yawancin waɗannan kallo ne na kyauta ko na ɗan canji kaɗan. Mai son rubuta fim ɗin sarauta da bai taɓa tsayawa ya ga yadda dogari ke ɗaura rawani ba, a allo za a gane.

A nan ne ɗan Daura ya fi tsaransa jari, in ya sani. Ya tashi yana wuce rijiyar Kusugu, yana jin labarin Bayajidda da Daurama daga bakin kaka. Ya ga Hawan Magajiya, ya ga Sallar Gani a watan Rabi'ul Awwal lokacin da hakimai ke shigowa da dawakai da makaɗansu. Kunnensa ya saba da Hausar kan iyaka, wadda ake ciniki da ita a kasuwar Mai'aduwa tsakanin mutanen Najeriya da na Nijar. Wasu sun riga sun gane darajar wannan. Fim ɗin Mai Martaba na Prince Daniel, wanda Adam A. Zango ya fito a ciki, a Daura aka ɗauke shi, kuma shi Najeriya ta zaɓa a 2024 ya wakilce ta a gasar Oscar. Bai kai zagayen ƙarshe ba, amma ya nuna cewa ganuwa da soro da dawakin ƙasar Daura sun isa a kai su ko'ina. Sai dai labarin na wata ƙagaggiyar masarauta ce mai suna Jallaba. Daura ta ba da fili, ba ta ba da labari ba.

Labarin kuwa akwai shi jibge. Bayan jihadi, a wajajen 1805, Malam Isiyaku ya karɓi Daura, sarakunan Haɓe suka fice, zuriyarsu ta yi zama a Zango da Baure tana jiran ranar komawa. Shekara ɗari aka yi a haka, sai a 1906 Turawa suka mayar da Malam Musa kan gadon kakanninsa. Gudun hijira, rabuwar 'yan'uwa, iyakar Ingila da Faransa da ta ratsa ƙasa ɗaya ta raba ta biyu: marubucin dogon zango zai yi shekara yana ɗiba bai ƙarar ba. Labarin Sarauniya Amina ta Zazzau ya hau Netflix a 2021, amma darakta daga kudu ne ya yi shi, yawancinsa da Turanci. Masu ƙorafi a kan haka sun yi ta yi, ba su dai fito da nasu ba.

Fadar Daura ba ta daina karrama masu fasaha ba. A 2025 Sarki Umar Faruk Umar ya ba Dauda Kahutu Rarara sarautar Sarkin Waƙar Ƙasar Hausa, a shekarar kuma garin ya karɓi baƙuncin bikin Ranar Hausa ta Duniya na 26 ga Agusta. Garin ya samu kwalejin kimiyya da fasaha ta tarayya da jami'ar sufuri, layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021 ma ta nan aka tsara ya bi. Ɗalibai na ƙaruwa, masu sauraro ke nan. Rawani dai na zuwa ne bayan mutum ya yi suna a wani wuri. Abin da mai tasowa ke bukata ya fi wannan arha.

Ƙananan hukumomi biyar ne a masarautar: Daura, Baure, Mai'aduwa, Sandamu da Zango. Idan suka haɗa hannu da fada da attajiran garin, zaure guda mai wutar sola, da na'urar ɗaukar murya, da kyamara biyu, da malamin da zai riƙa zuwa daga Kano duk wata, ba zai gagare su ba. A ƙara da gasar waƙa da gajeren labari a makon Gani, a sa alƙalan da ba sa jin kunyar kowa. Matasan kuma da za su hau mota, su je, babu mai hana su. Amma kafin su tafi su ɗauki waya su zauna da tsofaffin makaɗan fada da masu riƙe da tarihin Zango da Baure, su naɗi abin da ke bakinsu tun suna raye.