Homai Vyarawalla: Matar da ta Ɗauki Hotunan 'Yancin Kan Indiya

Mu Hausawa duk inda muke zaune, ko a Kumasi ko Jidda ko Landan, mun san Indiya ne ta hanyar finafinai, har wani sai ya lissafo maka jarumai ashirin ba tare da ya yi numfashi ba. To, yau ina so in gabatar muku da wata Ba'indiya wadda ba jarumar fim ba ce, amma da yawa daga cikin hotunan da duniya ta ga samun 'yancin ƙasar da su, daga hannunta suka fito. Sunanta Homai Vyarawalla, kuma ita ake ɗauka a matsayin mace ta farko da ta yi aikin ɗaukar hoton jarida a Indiya.

An haife ta ranar 9 ga Disamba 1913 a garin Navsari da ke jihar Gujarat ta yanzu. Iyayenta 'yan ƙabilar Parsi ne, wato jikokin mutanen Farisa mabiya addinin Zaradusht waɗanda suka yi ƙaura zuwa Indiya shekaru aru-aru da suka wuce. Mahaifinta ɗan wasan kwaikwayo ne a wata ƙungiya mai yawo gari-gari, ba mai hali ba ne, amma duk da haka ta samu ta yi karatu a birnin Bombay, wanda yanzu ake kira Mumbai, har ta shiga makarantar koyon zane ta Sir J. J. Wanda ya koya mata riƙe kyamara shi ne Manekshaw Vyarawalla, ma'aikaci a jaridar Times of India, wanda ta aura a 1941. Hotunanta na farko da aka buga a jaridun Bombay da sunansa suka fito, domin a wancan zamani editoci ba su saba ganin sunan mace a ƙarƙashin hoto ba. Daga baya ta riƙa amfani da laƙabin "Dalda 13", saboda a 1913 aka haife ta, tana shekara 13 ta haɗu da mijinta, sannan lambar motarta ta farko DLD 13 ce. Abin dariyar shi ne Dalda sunan wani man girki ne da ya shiga kusan kowane gida a Indiya.

A 1942, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, suka koma Delhi inda ta kama aiki a ofishin watsa labarai na gwamnatin Birtaniya. Wannan aiki ne ya buɗe mata ƙofofin da sauran masu hoto suke tsayawa a bakinsu.

Ya kamata mai karatu, musamman yaranmu da suka tashi da waya a hannu, ya san yadda aikin yake a lokacin. Kyamarar Rolleiflex da ta fi so ana riƙe ta ne a daidai ciki, a leƙa ta sama, kuma fim ɗaya hoto 12 kawai yake ɗauka. Ɗayar kuwa, Speed Graphic, ƙatuwa ce mai nauyi, kowane hoto sai an zare farantin fim an sa wani, in da dare ne kuma a canza ƙwan fitila, domin sau ɗaya yake haskawa ya mutu. Ba ka ganin abin da ka ɗauka sai ka koma ɗakin duhu ka wanke. Saboda haka wanda ya yi gaggawa ya ƙone fim ɗinsa a banza, wanda ya yi nawa kuma abin ya wuce shi. Ita kuwa haka take ɗaure wannan kaya a kan keke, sanye da sari, ta ratsa titunan Delhi zuwa wurin taro, ta kutsa cikin maza ta nemi inda za ta tsaya. Ta sha bayyana cewa kasancewarta mace ya taimake ta ta wata fuskar, domin mutane ba sa ɗaukar ta da muhimmanci, sai su saki jiki su ci gaba da harkarsu, ita kuma abin da take nema ke nan.

Ga kaɗan daga abin da ta ɗauka. Akwai taron jam'iyyar Congress na watan Yuni 1947 inda wakilai suka ɗaga hannu suka amince a raba ƙasar gida biyu, Indiya da Pakistan. Akwai Muhammad Ali Jinnah gab da tafiyarsa Pakistan. Akwai Jawaharlal Nehru yana jawabi daga saman ganuwar Jan Gida, tsohuwar fadar sarakunan Mughal, ranar 16 ga Agusta 1947, kwana ɗaya bayan samun 'yanci. Akwai tafiyar Lord Mountbatten a 1948, da shigowar Dalai Lama yana saurayi ta mashigar Nathu La a 1956, da ziyarar Sarauniya Elizabeth a 1961, da ta Jacqueline Kennedy a 1962. Ranar 30 ga Janairu 1948 da aka harbe Mahatma Gandhi, ta yi shirin zuwa wurin addu'ar da yake yi kullum da yamma, sai mijinta ya tsayar da ita, don haka ba ta nan abin ya faru. Amma ta ɗauki jana'izarsa, kamar yadda ta ɗauki ta Nehru a 1964.

Nehru ne mutumin da ta fi son ɗauka, kuma a nan ne ake gane gwanintarta. A wani hoto yana tsaye a filin jirgin sama na Palam, kusa da shi ga allo an rubuta cewa an haramta ɗaukar hoto. A wani kuma yana cikin jirgi yana kunna wa matar wani jami'in jakadancin Birtaniya taba. Shugaba ba ya bari a gan shi haka sai ga wanda ya yarda da shi, kuma ya yarda da ita ne saboda ya san ba za ta fitar da abin da zai zubar masa da mutunci ba.

To amma ni a ganina wannan amana tana da tsadarta, kuma bai kamata a ɓoye ba. Rabuwar Indiya da Pakistan ta kori mutane fiye da miliyan 10 daga gidajensu, Musulmi da Hindu da Sikh, waɗanda suka mutu kuwa masana suna ƙiyasta su daga 200,000 har zuwa miliyan 2. Wanda ya duba sanannun hotunan Homai zai ga masu yanke hukuncin suna ɗaga hannu a zaure, amma ayarin 'yan gudun hijira da gawarwakin kan hanya sai ya nemi na wasu, irin su Margaret Bourke-White ta mujallar Life ta Amurka. Aikin ofis ya ɗaure ta a Delhi, tsakanin fada da majalisa da liyafar jakadu. Tarihin manya ta ɗauka, ta kuma ɗauke shi da kyau ƙwarai, sai dai wanda yake son sanin halin talaka a 1947 ba zai ƙoshi da shi ba.

'Yan'uwanmu na Ghana za su tuna da irinta a gida, wato Felicia Abban mai shagon hoto a Jamestown cikin Accra, wadda ta yi wa Kwame Nkrumah aiki, ta rasu a 2024.

Mijin Homai ya rasu a 1969. Shekara ɗaya bayan haka ta ajiye kyamara, tana da shekara 56, kuma ba ta koma sana'ar ba har ƙarshen ranta. Dalilin da ta bayar shi ne sababbin masu hoto ba su da ladabi, kuɗi kawai suke bi, ba sa mutunta wanda suke ɗauka ba sa mutunta junansu, kuma ba ta so a lissafa ta cikinsu. Wasu za su ce ƙorafin tsofaffi ne da aka saba ji a kowace sana'a. Ni dai na fi ganin cewa hanyar aikinta ce ta toshe: da turereniya ta yi yawa, masu tsaro suka fara tura 'yan jarida baya, kusancin da hotunanta suka dogara a kai sai ya ƙare.

Ta koma garin Pilani wurin ɗanta tilo, sannan Vadodara a 1982. Ɗan ya rasu a 1989, ta ci gaba da zama ita kaɗai tana kula da shukokinta tana gyaran gidanta da hannunta, hotunan kuma suna ajiye a akwatuna. Wata malamar jami'a mai shirya fim, Sabeena Gadihoke, ita ta nemo ta, ta saka ta a wani fim a 1998, ta kuma rubuta littafin tarihinta da ya fito a 2006. Daga nan Homai ta miƙa tarin hotunanta ga gidauniyar Alkazi da ke Delhi. A 2011 gwamnatin Indiya ta ba ta Padma Vibhushan, lambar girma ta biyu mafi daraja da ake bai wa farar hula a ƙasar. Ta rasu a Vadodara ranar 15 ga Janairu 2012, tana da shekara 98.