Ba Kowane Mai Buga Dara Ne Ɗan Caca Ba

Na gaji da wata magana da ake ta yayatawa a unguwanni, wai duk wanda aka gani a majalisa yana buga dara, draf ko lido, to ɗan caca ne ko zauna-gari-banza. Da wannan zargi iyaye ke ƙwace allon wasa daga hannun yaro, su miƙa masa waya don ya zauna shiru. Alhali a cikin wayar ne cacar ƙwallo ta yi gida, inda ba mai ganin abin da yake dannawa.

Wasannin da nake nufi sanannu ne: mutane su zauna fuska da fuska, da allo ko gurabe a tsakaninsu, bisa ƙa'idar da kowa ya yarda da ita.

Mu duba darar da muka gada. Gurabe talatin ne, kowane ɗan wasa da 'ya'ya goma sha biyu. In ka jera uku, ka ci ɗa ɗaya na abokin karawarka. Ba sa'a a ciki, lissafi ne zalla da hangen abin da ɗan'uwanka ke ƙullawa. Don Allah ina cacar take a nan? Caca tana farawa ne ranar da aka zuba kuɗi, kuma mai son ta ko a kan tseren keke zai zuba. Laifin na mai zubawa ne.

Masu cewa aikin banza ne su tuna da Wellington Jighere, ɗan Najeriya da ya lashe gasar Scrabble ta duniya a birnin Perth na Ostireliya a 2015, ɗan Afirka na farko da ya yi haka. Su tuna da Tunde Onakoya, wanda ke koya wa yaran unguwannin talakawa a Legas darar ces, ya kuma shafe awa 60 yana buga ta a New York a 2024 don tara kuɗin karatun yara. A Jamus kuwa, birnin Essen na yin baje kolin wasannin allo duk shekara, iyalai na tururuwa. Wasan Catan da Klaus Teuber ya fitar a 1995, ciniki da musaya tsakanin 'yan wasa ne ginshiƙinsa, ba a yin sa baki a rufe.

Abin da ke jan mutane ke nan. Dattijo da saurayi su zauna tabarma ɗaya, a yi barkwanci, baƙo ya sami abokai kafin shayi ya huce. Yaro ya koyi jiran layinsa, ya koyi shan kaye ba tare da kifar da allo ba. Zaman kashe wando na gaske kuwa, rashin aiki ne ke haifar da shi.

Malaman fiƙihu sun daɗe suna magana kan wasannin da ake jefa ƙwayar sa'a, kuma sun saɓa kan darar ces. Wannan fagensu ne, a tambaye su. Amma haramcin caca da wasa da salla ba mai jayayya a kai.

Don haka a kiyaye. Ko sisi kar a ɗora, ko da sunan "wanda aka ci ya sayi shayi", domin daga nan ake zarcewa. In an kira salla, a tashi. A sa wa wasa lokaci, bayan an gama aiki da karatu. A bar zagi da gori. A faɗi ƙa'ida kafin a fara, ba bayan rigima ta tashi ba. Mata da 'yan mata su ma a ba su allonsu a cikin gida. Kai kuma uba, ka zauna ka buga da 'ya'yanka, wayoyi a ajiye gefe. A zama ɗaya za ka gane mai haƙuri cikinsu, da mai saurin fushi, da mai son maguɗi, ka san wanda za ka fara gyarawa.