Waye jarumin gaske a finafinan masu ƙarfin ban mamaki?

A bakin masu kallon fim a yau, duk wanda ya fito a gaban kyamara ya zama “jarumi”, ko da rawar ɓarawo ya taka. Asalin kalmar ya fi haka nauyi, domin a da ba a kiran mutum jarumi sai an gan shi ya tsaya a inda maza suka juya baya. Finafinan kamfanin Marvel na Amurka, duk da tsalle-tsalle da rushe-rushen da ke cikinsu, sun daɗe suna juya wannan tambaya.

Abu na farko da suke nunawa shi ne ƙarfi bai isa shaida ba, tunda mugu ma yana da shi. A fim ɗin Captain America: The First Avenger na 2011, sinadari iri ɗaya aka yi wa Steve Rogers da abokin gabansa Johann Schmidt allurarsa. Schmidt ya ƙara lalacewa, Rogers ya ƙara nagarta. Tun kafin allurar, Rogers siririn saurayi ne mai ciwon asma, wanda rundunar soja ta sha ƙin ɗauka. A sansanin horo wani kanar ya jefa gurneti na bogi tsakiyar kurata don ya gwada su. Ƙarti suka watse, shi kuwa ya faɗa a kai ya rufe shi da cikinsa. Ranar da ba shi da komai sai ransa, ran ya miƙa.

Haka lamarin yake a Black Panther na 2018, wanda Ryan Coogler ya ba da umarni. T'Challa da ɗan baffansa Killmonger sun sha tsiro ɗaya mai ba da ƙarfi, sun sa sulke iri ɗaya, sun hau karaga ɗaya. Killmonger na da ƙorafi na gaskiya, domin Sarki T'Chaka ya kashe masa uba a Oakland a 1992, aka bar shi maraya. Sai dai da mulki ya zo hannunsa, ya sa aka ƙone lambun tsiron don kada wani ya gaje shi, sannan ya shirya aika makamai ƙasashen duniya. T'Challa kuwa ya yi abin da ke yi wa masu mulki wuya: ya yarda mahaifinsa ya yi kuskure, ya kuma buɗe Wakanda ga sauran al'umma.

Misalin da ya fi kusa da ma'aikacin ofis yana cikin Captain America: The Winter Soldier na 2014. 'Yan ƙungiyar Hydra sun shige hukumar tsaro ta S.H.I.E.L.D. har sun mamaye manyan kujerunta, suna shirin tayar da manyan jiragen yaƙi uku da za su hallaka miliyoyin mutane. Umarnin ya sauka kan teburin wani ƙaramin ma'aikacin kwamfuta a hedikwatar hukumar da ke Washington. An ɗora masa bindiga a ƙeya, muryarsa na rawa, amma ya ce ba zai danna ba.

Ƙin nasa bai hana jiragen tashi ba, don mai bindigar ya tayar da su da kansa. Amma a wannan lokacin ne ɗakin ya rabu biyu, abokan aikinsa suka zaro makamai suka tsaya a bayansa. Ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare.

Mutumin ba shi da garkuwa ko sulke, kuma ko minti biyar bai yi a fim ɗin ba. Abin da ke hannunsa shi ne irin wanda ke hannun duk mai riƙe da fayil ko hatimi: ikon da aka ba shi amana, da damar cewa a'a idan aka nemi ya ci amanar.