Fadamar Haɗeja, Abin Kallo a Ƙofar Gida

In an tambayi ɗan makaranta wuraren kallo na duniya, sai ya shiga lissafa na Turai da Amurka, ya manta da wanda ke bayan gidansu. Saboda haka muka ga ya kamata mu jawo hankalin malamai da akawuna zuwa ga fadamar Haɗeja, wadda masana ke tasowa daga ƙasashe masu nisa don su gani, mu kuwa muna wuce ta kamar ba kome.

Wanda ke son ya gane darajarta, ya fara daga Birniwa, garin da hanyar jirgin ƙasa ta ratsa, wadda ta taso daga Kano ta isa Nguru a 1930. Nan ƙasa ce ta rairayi, mai jigayi da goruba da kuka, inda gero da wake da riɗi ke dogara ga ruwan sama kaɗai. Amma da mutum ya gangara kudu wajen Kirikasamma, sai ƙasa ta sake kama. Kogin Haɗeja, wanda ruwansa ya fito daga kogin Kano da na Challawa, in ya iso nan sai ya rarrabu cikin kwaruruka tsakanin jigayi, har ya haɗu da na Jama'are su zama Komadugu Yobe, su nufi Tafkin Cadi. A watan Agusta da Satumba ruwa kan malale ƙasar, ƙauyuka su zama tamkar tsibirai, kwalekwale ya maye gurbin jaki.

Wannan ambaliya ita ce ran wurin. Manomi ya shuka shinkafa, in ruwa ya ja ya bi danshi da wake da kayan lambu. Masunci ya kama tarwaɗa da karfasa, Bafillatani ya kawo shanu kiwo da rani, mata kuwa su saƙa tabarmi da kaba.

Babban abin kallo shi ne tsuntsaye. Akwai na gida, watau gauraka da dinya da kirinjijiya da zalɓe. Akwai kuma baƙi, agwagin ruwa da waɗansu ƙananan tsuntsayen bakin ruwa, waɗanda ke gudun sanyin Turai su ƙetare Sahara su sauka nan, ba su koma ba sai wajen watan Maris. Lokacin da ya fi dacewa a ziyarce su shi ne hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, da sassafe ko da la'asar. Wurare uku suka fi suna: Baturiya a Jihar Jigawa, da Tafkin Nguru da Dagona a Jihar Yobe. Dagona ce Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila, ya ziyarta a 1989. Akwai wata yarjejeniya ta kare dausayi da ƙasashe suka ƙulla a garin Ramsar na Iran a 1971. Tafkin Nguru ne wuri na farko a Nijeriya da ya shiga jerinta, a shekara ta 2000, Baturiya ta biyo baya a 2008.

To, amma fa akwai abin tsoro. Tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, tafiyar kogin ta sauya. Ambaliyar damina ta ragu a yawancin shekaru, sa'an nan ruwan da ake saki da rani ya hana kwaruruka bushewa yadda suka saba. Wannan ya yi wa ciyawar kacala daɗi, ta yaɗu ta toshe hanyoyin ruwa, har wani ƙauye ya nutse wani kuwa ya rasa ɗigo. Cikin kacalar kuma tsuntsaye jan baki ke fakewa, su fito su cinye hatsi. Ga kuma saran itatuwa da farauta ba bisa ƙa'ida ba.

Ba mu kaɗai abin ya sama ba. A jihar New South Wales ta Ostareliya akwai dausayin Macquarie, wanda ya ƙanƙance bayan an gina madatsar Burrendong a 1967. Da suka farga, sai gwamnati ta ware wa dausayin rabonsa na ruwa, ana sakar masa kamar yadda ake sakar wa gonaki. Darasin shi ne, kogi ma yana da hakki cikin ruwansa.

Roƙonmu ga malamai shi ne, kada Labarin Ƙasa ya tsaya a kan allo. A kai yara bakin fadama ko sau ɗaya a shekara, su rubuta sunayen tsuntsaye da kifaye da itatuwan da suka gani, su tambayi dattawa inda ruwa ke kaiwa a da. Akawunan ƙananan hukumomi kuma su riƙa ajiye lissafin ranar zuwan ruwa da ranar janyewarsa, domin da irin wannan lissafi ne ake tunkarar masu riƙe da madatsu. Hausawa sun ce tun ran gini tun ran zane. Yaron da ya san sunan gauraka tun yana ƙarami, da wuya ya girma ya yarda a kore ta.