Manyan Babura a Ƙofar Zauren Firimason

[Kiɗan buɗe shiri, sai rugugin babura]

 Yau Amurka muka nufa, jihar Bajiniya, inda za mu bi sawun wasu mahaya manyan babura da ke amfani da hutun ƙarshen mako wajen kai ziyara zaurukan ƙungiyar nan ta Firimason. Na san da jin sunan wasu sun gyara zama, wasu kuma sun ce a'uzubillahi. Ku ba ni aron kunnuwanku tukuna.

Irin wannan tafiya da sassafen Asabar take farawa, galibi a harabar gidan mai. Kowa ya cika tanki, ya duba iskar taya da birki, ya ɗaure hular kwano. Yawancinsu dattawa ne masu furfura a gemu, sanye da falmaran ta baƙar fata. A bayan falmaran akwai tambari: dala mai fukafukai da ido a tsakiyarta. Kafin a tayar da inji, madugun tafiya zai tara su ya faɗi hanyar da za a bi da inda za a tsaya shan mai. A kan titi ba sa jeruwa kafaɗa da kafaɗa. Ɗaya ya kama hagun layi, na bayansa ya kama dama, a bar tazara, ta yadda in wani ya taka birki kwatsam na baya zai sami wurin kaucewa. Magana da hannu ake yinta. Madugu ya nuna rami a kwalta, sai alamar ta bi ayari daga hannu zuwa hannu har ta kai ga na ƙarshe, wanda aikinsa shi ne tsayawa da duk wanda babur ɗinsa ya lalace. Ba a barin kowa a hanya.

Sunan ƙungiyarsu Widows Sons, wato 'ya'yan matar da mijinta ya rasu. An kafa ta a yankin Shikago a ƙarshen shekarun 1990, ta bazu zuwa Kanada da Birtaniya da wasu ƙasashe, kuma ba a ɗaukar kowa sai wanda ya kai mataki na uku a Firimason. Sunan ya samo asali ne daga Hiram, gwanin aikin tagulla da Littafin Sarakuna na Baibul ya ce ɗan wata mata ne da mijinta ya mutu, wanda ya yi aiki a haikalin Annabi Sulaimanu. Abin da suka ɗora wa kansu shi ne tallafa wa mata da marayun 'yan uwansu da suka riga mu gidan gaskiya.

[Kiɗa a taƙaice]

A nan Bajiniya, daga garin Fredericksburg zuwa Alexandria tafiyar kusan kilomita 80 ce, kuma hanya ce mai daraja a wurinsu. A reshen Fredericksburg aka shigar da George Washington cikin ƙungiyar Firimason a shekarar 1752, yana ɗan shekara 20, tun ba a san zai zama shugaban Amurka na farko ba. A Alexandria kuma, a kan wani tudu, akwai hasumiyar tunawa da shi da 'yan ƙungiyar suka gina da kuɗinsu. An aza harsashinta a 1923, aka buɗe ta a 1932, tsawonta ƙafa 333, an kuma kwaikwayi fasalin tsohuwar hasumiyar fitila ta Iskandariyar Masar. Tun daga nesa mahayi ke hango ta.

Da an kashe injuna an hau matakala, abin da ke tarbar mutum shi ne mutum-mutumin Washington na tagulla, tsawonsa ƙafa 17, ɗaure da walkin 'yan ƙungiya a ƙugu. Amma ƙananan kayan da ke ciki sun fi tsayar da baƙo. Ga ɗan cokalin gini na azurfa da Washington ya riƙe ranar da aka aza harsashin ginin majalisar dokokin Amurka a 1793. Ga agogon ɗakin kwanansa, wanda likitansa ya tsayar a daren da ya cika, 14 ga Disamban 1799. Har yau allurar na kan ƙarfe goma da minti ashirin. Za ka ga ƙato mai zanen tatu a damtse ya cire tabarau, ya sunkuya gaban gilashin yana kallon agogon nan, bakinsa a rufe.

Daga nan sai ɗakin taro. A tsakiya akwai teburi na musamman da ake ɗora littafi mai tsarki a buɗe, a kansa kuma sikwaya da kamfas, kayan aikin magina, domin ƙungiyar tana danganta kanta da masu sassaƙa dutse na Sikotilan da Ingila. Kujerar shugaba tana gabas. In taro zai fara, mahayan su ɗaura farin walki, a ja ƙofa, mai gadi ya tsaya waje da takobi. Matan da suka biyo mazansu a bayan babur, da abokan da ba 'yan ƙungiya ba, nan iyakarsu. Sai an fito a haɗu gaba ɗaya wajen cin abinci, a zagaya da hula a tara abin da za a kai wa wata uwar marayu ko asibiti.

Wannan rufe ƙofa shi ne tushen zargin da ke bin ƙungiyar tun kafa babbar majalisarta ta farko a Landan a 1717. Paparoma Clement na 12 ya haramta wa Katolika shigarta a 1738, kuma cocin bai janye ba. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta yanke a 1978 cewa bai halatta Musulmi ya shiga ba. A Najeriya, sashe na 38 na tsarin mulkin 1999, wanda ya ba da 'yancin addini, ya fito fili ya ce 'yancin bai haɗa da shiga ƙungiyar asiri ba. Su 'yan Firimason cewa suke yi su ba addini ba ne, kuma a zaurensu an hana zancen addini da siyasa. Ni dai ban zo kiran kowa gare su ba, kuma rantsuwar da ake yi a bayan ƙofa abu ce da ta cancanci a yi mata tambaya. Sai dai na fi son mu san abu yadda yake, da mu dogara da hotunan da ake turo mana a WhatsApp.

To me ya kai masu rufe ƙofa ga hawa abin da ya fi komai ƙara a titi? Ƙungiyar ce ke tsufa. A 1959 'yan Firimason a Amurka sun haura miliyan 4. Yau ba su kai miliyan 1 ba. Rassa da dama a ƙananan garuruwa sun haɗe da juna, wasu sun sayar da gine-ginensu. Reshen da ya saba ganin tsofaffi ƙalilan a taro, ranar da ayarin babura ya sauka a ƙofarsa sai kujeru su cika, yaran unguwa su fito kallo, wani matashi ya matso ya yi tambaya. Zumunta a ƙafa take, su kuwa sun mayar da ita kan taya.

Ba duka dattawan ƙungiyar suka yi na'am da haka ba. Wasu na ganin baƙar falmaran da tambarin baya sun yi kama da na gungun 'yan daba masu babura da Amurka ta daɗe tana fama da su, har babbar majalisar Firimason ta jihar Texas ta hana mabiyanta shiga Widows Sons a 2011. A ganina masu baburan sun fi dattawan fahimtar halin da ake ciki. Matar da ta binne mijinta ba ta shiga ɗakin taro, ba ta san abin da ake karantawa a ciki ba. Abin da ta sani shi ne ko abokan marigayin sun taka sun zo gaishe ta, kuma waɗannan mutane suna zuwa, ko da garin nata na da nisan kilomita ɗaruruwa.

  

[Kiɗan rufe shiri]