Beagle: karen da hancinsa ke ja, da abin da yake nema a wurin mai shi

Matafiyin da ya sauka a manyan filayen jiragen saman Amurka kan ci karo da wani gajeren kare mai faffaɗan kunnuwa, sanye da 'yar riga, yana bin jakunkuna yana shinshinawa. Beagle ke nan. Tun 1984 ma'aikatar noma ta ƙasar ta fara sa shi aiki a filin jirgin Los Angeles domin gano nama da 'ya'yan itace da aka hana shigowa da su. An zaɓe shi ne saboda ƙarfin hancinsa, da son abinci da ke sa ya koyi aiki, da kuma fuskar da ba ta firgita fasinja.

Waɗannan halaye su ne ke jan hankalin masu son ajiye shi a gida, kuma su ne ke ba su wahala daga baya.

Asalinsa Ingila ne, inda aka yi kiwonsa domin farautar zomo, garke guda, mafarauta na biye da su a ƙafa. Tsayinsa a kafaɗa santimita 33 zuwa 40, nauyinsa kuwa bai cika wuce kilo 14 ba. Farin da ke bakin wutsiyarsa shi ke nuna wa mafarauci inda yake a cikin ciyawa. Muryarsa kuma an so ta da ƙarfi ne da gangan, don a ji shi daga nesa idan ya kama sawu.

Sai a ɗauki wannan dabba a sa ta a gidan haya a Kubwa ko Lugbe, mai gidan ya fita da asuba don gudun cunkoso, ba zai dawo daga sakatariya ba sai bayan magariba. Karen da ya saba da garke ba ya jure kaɗaici. Zai yi ta kuka mai tsawo, wanda ba haushi ba ne, wani irin gunji ne da ke ratsa katanga. Zai tona ƙasa, ya tattauna takalmi da kujera. Maƙwabcin da ya yi haƙuri mako guda ba zai yi na wata ba, kuma ƙarar takan ƙare ne a wurin mai gidan haya. Wanda kuma ya saye shi da niyyar gadi ya yi asarar kuɗinsa, domin Beagle da wuya ya ɗauki baƙo a matsayin abokin gaba.

Yana bukatar yawon aƙalla sa'a guda kullum, kuma da igiya a wuya. Idan hancinsa ya kama wani ƙamshi, kiran mai shi ba ya shiga kunnensa, ko da titi ne a gabansa. Saboda haka katangar gida ta zama wadda ba zai haura ba, ba zai kuma bi ta ƙarƙashinta ba. A watannin Maris da Afrilu, lokacin da zafin Abuja ke kai maƙura, yawon ya zama da sanyin safiya ko da yamma liƙis.

Batun ci shi ne babbar jarrabawa. Beagle bai san ƙoshi ba. In ya sami buhu a buɗe sai ya ga bayansa. A auna masa abinci sau biyu a rana, a rufe kwandon shara, a kuma gargaɗi yara kan miƙa masa ragowar tuwo da miya, don albasa da tafarnuwa na lalata masa jini, cakulan da inibi ma guba ne gare shi. Ƙiba kuwa tana nauyaya masa gaɓoɓi, ta rage masa kwana.

Kunnuwan nan da ke ƙara masa kyau suna hana iska shiga, sai danshi ya taru, musamman da damina. A duba su duk mako; wari ko yawan kaɗa kai alama ce ta a nemi likitan dabbobi. Kaska ma ba abin wasa ba ce, tana sa masa zazzaɓi mai shanye jini. Riga-kafin farko ana fara shi ne kwikwiyo na da mako shida zuwa takwas, na ciwon haukar kare kuma a wata uku, a riƙa sabuntawa. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta ƙasa da ke Vom a jihar Filato tana sarrafa wannan allura, kuma cutar, da zarar alamunta sun bayyana a jikin mutum, kusan ba a tsira. Mai sayen kwikwiyo ya nemi katin allurarsa, ya kuma ga uwar da idonsa.

Beagle kan rayu shekara 12 zuwa 15, wato wa'adin mulki uku ko fiye. Hadimin da muƙaminsa ke ƙarewa da na maigidansa, da ma'aikacin da takardar sauyin wurin aiki ke iya riska a kowane lokaci, ya kamata tun kafin ya biya kuɗi ya san gidan da karen zai koma idan sabon mai gidan haya ya ce ba ya son kare a harabarsa.